Haƙorin Makka

A shekarun 1970 da 1980, idan aka ce jirgin alhazai ya sauka Kano, unguwa ba ta barci. Yara sun yi cirko-cirko a ƙofar gida suna jiran dabino da bagaruwa, 'yan mata na lissafin kwalli da zobe, tsofaffi kuma kurɓin zamzam da carbi kawai suke so. Amma tun kafin a kwance jaka, bakin Hajiya kowa ke satar kallo. Ana "Hajiya, an dawo lafiya? Ya ibada?" ido yana kan leɓenta. Da zarar ta yi murmushi wani abu ya ƙyalla a gefen haƙoranta na sama, sai guɗa ta tashi. Ta yo haƙori. Daga ranar, ko a kasuwar wani gari ta shiga, ba sai an gabatar da ita ba, mai tumatir ma Hajiya zai kira ta.

Haƙorin nan ba ya cikin rukunan Hajji, ba ya cikin wajibansa, ba wani malami da ya taɓa karantar da shi a bita. Duk da haka ya yi shekaru yana zaman shaidar da ta fi kowace takarda ƙarfi, a wajen Hausawa da Barebari da Yarbawa baki ɗaya. A nawa ganin kuwa, ba wahalar tafiya ce ta haife shi ba. Sauƙinta ne.

Dubi yadda ake zuwa a da. Mutum ya tashi daga Kano ko Katsina da jaki ko a ƙasa, ya bi ta Borno, ya ratsa Wadai da Darfur da Kurdufan, ya haye Nilu, ya isa Sawakin a bakin Bahar Maliya, sannan ya nemi jirgin ruwan da zai tsallakar da shi Jidda. Guzuri ya ƙare, sai ya tsaya ya yi ƙodago. Bayan an buɗe gonakin auduga na Jazira a Sudan a 1925, dubban mutanenmu a nan suka riƙa yada zango suna tara kuɗin gaba. Wasu shekara biyar, wasu goma, wasu har abada. Jikokinsu na nan a Sudan, ciki har da mutanen Mai Wurno, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Mai niyyar irin wannan tafiya sai ya yi wasiyya, ya bi dangi gida-gida yana neman gafara. In Allah ya dawo da shi, wace alama yake buƙata? Ya tafi da baƙin gemu ya komo da furfura, yaran da ya bari a goye sun isa aike. Gari duk ya sani.

Sai hanya ta fara gajarta. A 1948 Mahmud Ɗantata da Haruna Kasim da Ibrahim Musa Gashash suka kafa kamfanin jigilar alhazai da motoci, wanda sunansa ya bi wurin nan na Fagge da 'yan canji ke zama, Wapa. Ba a jima ba jirgin sama ya shigo harkar. Sardauna ya sauke farali a 1955, manya suka bi sahu, kuɗin man fetur kuma ya zo ya buɗe ƙofa ga ɗan kasuwa da ma'aikaci da matar aure mai adashi. A 1977 alhazan Najeriya sun haura 100,000. Tafiyar shekara bakwai ta koma ta 'yan makonni. Maƙwabcinka zai iya zuwa ya dawo, kai kana ƙauye wajen girbi ba ka ji ba. Jallabiya da makawiya ana sayensu a Kantin Kwari, kowa ma zai iya sawa. Haƙori kuwa, a wancan lokacin, sai wanda ya je.

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ta je a farkon shekarun 1980, kuma ta fi son ba da labarin haƙorin fiye da na jifan Shaiɗan. Wani ɗan shago ne a saman bene, ba nisa da Harami, matan tawagarsu suka yi layi a matakala. Mai aikin ba ya jin Hausa sai kalmomin da sana'a ta koya masa, "buɗe" da "cije". A gabansa akwai faranti cike da 'yan kwansuna masu ruwan gwal, manya da ƙanana. Ya dubi haƙorin da ke kusa da na gaba, ya gwada wannan, ya gwada wancan, ya ɗauko ɗan injinsa ya goge gefe da gefe har ta ji tsami ya harba mata cikin kai, ya shafa wani farin abu a cikin kwanson, ya danna da babban yatsa. Cije. Ta cije. Ya miƙa mata madubi, ya kira ta gaba. Ta ce duka aikin bai kai tsakanin Magariba da Lisha ba. Lafiyayyen haƙori ne, bai taɓa yi mata ciwo ko sau ɗaya ba.

Mata gwal, maza azurfa, haka aka saba, saboda hani ga namiji ya yi ado da zinare. Amma a fiƙihu maganar ta fi haka faɗi. Akwai sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a wani yaƙi tun zamanin jahiliyya. Ya sa na azurfa ya yi masa wari, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya sa na zinare. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito. A kan wannan malamai suka halatta wa namiji ɗaure haƙori mai girgiɗi da zinare idan lalura ta kama. Babban likitan Andalus, Abul Ƙasim Az-Zahrawi, wanda ya rasu wajen 1013, ya bayyana yadda ake wannan ɗauri da siririyar waya a littafinsa At-Tasrif, ya kuma fifita zinare a kan azurfa domin azurfa tana sauya launi ta lalace a cikin baki. Har ya yi bayanin sassaƙa haƙori daga ƙashin sa a cike giɓi da shi. Sai dai duk wannan magani ne ga mai larura. Na Gwaggo kwalliya ce zalla.

Kwalliyar haƙori kuwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, launinta ne ke canzawa. Baturen nan Hugh Clapperton, da ya shigo Kano a 1824, ya rubuta cewa ya ga mutane suna rina haƙora da leɓe da furanni, ciki har da furen taba, har su yi jawur, kuma a wajensu kyau ne na a zo a gani. Kakanninmu mata sun riski wannan. A ci goro, a goga fure, a yi murmushi da jan baki, saurayi ya rasa inda zai sa kansa. Yau wadda ta fito da irin wannan baki, asibiti za a ce ta je a yi mata wankin haƙori. Haka Japanawa suka yi ƙarnoni suna baƙanta haƙoran matan aure, sai a 1870 gwamnati ta hana manyan fada, al'adar ta bi ta mutu a hankali. Wushirya ce kaɗai ta ƙi tsufa a wajenmu. Turawa na biyan kuɗi a rufe musu ita, mu kuma mawaƙa na yabonta, har ana samun mai zuwa a fiƙe mata haƙora biyu don a buɗe mata ta ƙarya, duk da hadisin Ibn Mas'ud da ke cikin Buhari da Muslim ya yi kakkausan hani a kan yin hakan don neman kyau.

A can ƙetare ma gwal ya daɗe a baki. An tono kaburburan mutanen Etruriya a Italiya, na wajen ƙarni na 7 kafin haihuwar Annabi Isa, aka sami haƙoran da aka ɗaure da zoben zinare, akasari na mata masu hali. Amma wanda ya rasa haƙora da gaske, ba don gayu ba, ya sha wuya har kusan jiya-jiya. George Washington, shugaban Amurka na farko, haƙori ɗaya tak ya rage masa a baki ranar da aka rantsar da shi a 1789. Na aron da yake sawa an haɗa su ne da hauren dorina da dalma da haƙoran mutane, kuma littafin kuɗin gidansa ya nuna a 1784 an biya kuɗin haƙora 9 da aka samo daga bakin bayi. Bayan yaƙin Waterloo na 1815, masu bin gawawwaki sun riƙa fizge haƙoran matasan sojoji suna sayar wa masu haɗa na aro. Sai da aka iya yin haƙori da tangaran, aka kuma samo robar da ake dasa su a kai a shekarun 1850, talaka ya fara samun abin tauna.

Babban abin da ya sauya sana'ar haƙori shi ne kashe zafi. Kafin Horace Wells ya shaƙi iskar nan mai sa dariya a 1844 aka cire masa haƙori bai ji ba, kafin allurar Novocain ta 1905 da lidoken ta 1943, ba kowa ne zai miƙa lafiyayyen haƙori a taɓa masa ba. A nan gida wanzami ne ko wani gwani a kasuwa, da awartaki da ƙarti biyu masu riƙe kafaɗa. Shi ya sa ake jure ciwon har sai kumatu ya kumbura, ana ta cusa kanumfari da jar kanwa, ko a kira mai fitar da tsutsa ya turara hayaƙi ya nuna maka wasu 'yan fararen abubuwa a cikin ruwa. (Wannan damfara ta tsufa ƙwarai. Al-Jaubari, mutumin Dimashƙa, ya tona asirin masu ita tun ƙarni na 13, amma har gobe suna cin kasuwa a tasha.) Da zafi ya kau, tsoro ya kau, sai ado ya samu ƙofa.

Kada a ɗora wa zinare laifi. A cikin duk abin da likitoci ke rufe haƙori da shi, da wuya a sami wanda ya kai shi ƙarko. Ba ya tsatsa, ba ya fashewa, ba ya cinye haƙorin da yake gogayya da shi. Tun 1907 wani likita a Chicago, William Taggart, ya fito da hanyar auna haƙorin mutum da kaki, a narka zinare a zuba a gurbin, dabarar da maƙeran tagulla na Bini suka daɗe da sani. Wanda aka yi wa haka, kwanson yana zama daram a wuyan haƙori, ba ko kafar da yawu zai bi, kuma yana iya kai shekara talatin ko fiye. Na faranti kuwa ba a auna shi da bakin kowa ba. Murfin wata tukunya ne aka kifa wa wata. Ko'ina akwai 'yar kafa, nan tuwo da shayi mai sukari ke maƙalewa, buroshi da asuwaki ba sa isa, ƙwayoyin cuta su mai da sukarin tsami, tsamin ya yi ta cin haƙori a ɓoye. A waje ƙyalli, a ciki ruɓa. Ga shi da yawansu gwal ɗin na suna ne kawai, wani ƙarfe ne aka yi wa ruwa.

Na Gwaggo ya yi shekaru kafin ya kawo takardar bashi. Da fari dasashin wajen ya yi duhu, yana jini in ta goge. Sai wari, wanda jikoki ne kaɗai ke da bakin faɗa mata. Sai wani dare ta kwana zaune da hannu a kunci. Likitan da ya ɗage kwanson ya ce abin da ya rage a ƙasa bai isa a yi masa ciko ba, sai cirewa. Ni na raka ta, kuma abin da na riƙe daga ranar shi ne yadda kusan duk umarnin likita ya ci karo da abin da hannu ya saba yi.

Ya ce ta cije audugar nan kamar rabin sa'a zuwa sa'a guda, kada ta yi ta ɗagawa tana leƙe. Ya ce yau duka ba kurkure baki, ba tofar da yawu da ƙarfi, ba zuƙar abu da tsinke, ba abu mai zafi. Gwaggo ta ce, "To ɗan nan, alwala fa?" Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ki ɗan jiƙa bakin ki bar ruwan ya zubo da kansa." Da muka koma gida malamin unguwa ya ƙara mata da cewa kurkurar baki a alwala sunna ce a mazhabar Malikiyya, ba farilla ba, hankalinta ya kwanta. Dalilin duk wannan kaffa-kaffa gudan jinin da ke daskarewa a ramin ne. Mu da mun ga jini a baki sai mu ce datti ne a wanke, alhali shi ne rufin da ke kare ƙashi, kuma a kansa sabon nama ke tsirowa. In ya fita, ƙashi ya zauna a buɗe, bayan kwana biyu zuwa huɗu sai wani azababben ciwo ya taso yana harbawa har kunne, ya fi na haƙorin da aka cire. Masu shan sigari sun fi kowa gamuwa da shi. Daga washegari ne ake fara ruwan ɗumi da ɗan gishiri, a hankali, bayan kowane cin abinci. Kunu mai sanyi-sanyi, fura da nono, tuwo mai laushi ta ɗaya gefen. Goro kuwa sai haƙuri, kuma a nan ne aka yi rigima da Gwaggo. Dasashi kan rufe cikin mako ɗaya zuwa biyu, amma ƙashin da ke ƙasa sai ya yi watanni yana cikowa. Mai ciwon sukari ya fi jinkirin warkewa. Kumburin da ya gangaro wuya ko ya hana haɗiya ba na jira gari ya waye ba ne. Masu ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi, da masu ɗiga ruwan batir, ƙona naman kawai suke yi.

Ta ƙarasa rayuwarta da haƙorin roba guda ɗaya mai 'yar faranti, tana cire shi da dare ta sa a kofi. Kwanson kuma ta ƙulle shi a bakin zane ta ajiye a adaka.

A hankali haƙorin Makka ya fara zubar da daraja. Wa'azi ya yi ƙarfi a kan riya, ana tambayar don wa aka yi ibadar. Sannan masu sana'a a kasuwanninmu suka koyi sawa, har wadda ko filin jirgi ba ta taɓa zuwa ba ta wayi gari Hajiya, shaida kuwa in kowa na iya saye ta daina zama shaida. 'Ya'yan boko suka fara jin kunyarsa a bakin iyayensu. Ga kuma waya, wadda ke aiko hoton alhaji a gaban Ka'aba tun bai cire harami ba. Ana yinsa har yanzu, musamman mutanen karkara, amma ba shi da kwarjinin da. Har wata mas'ala ya bar wa masu wankan gawa, domin malamai sun ce in na zinare ne na gaske kuma zai ciru ba tare da an keta alfarmar mamaci ba, a cire, haƙƙin magada ne.

Waɗanda ke yi wa iyayensu dariya kuwa ban ga sun tsira ba. Yayi ne ya koma fari. A 1928 wani likita a Kaliforniya, Charles Pincus, ya fara manna wa 'yan fim na Hollywood siraran ɓawon haƙori don su yi kyau a kyamara, a gama ɗauka a cire. A 1955 Michael Buonocore ya gano cewa in an ɗan shafa wa fuskar haƙori asid, abin da aka manna yana kamawa gam, wannan ne ya share hanyar da daga baya ɓawon ya zama na zama. A 1989 aka wallafa hanyar faranta haƙora a gida da wani sinadari da ake zubawa a roba a kwana da ita, wadda ita ce mafi sauƙin ɓarna a cikinsu, illa tsamin haƙori na ɗan lokaci, muddin likita ne ya tsara ba mai talla a Instagram ba. Wanda ya fi burge ni shi ne dashe. Wani likitan Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, yana bincike a ƙashin zomo a 1952 ya ga ƙarfen titaniyam ya haɗe da ƙashi ya ƙi fita. A 1965 ya dasa wa wani mutum mai suna Gösta Larsson irin wannan ƙarfe a muƙamuƙi, mutumin ya ci abinci da su har ya rasu a 2006. Wannan ga mai giɓi alheri ne, in yana da kuɗin da haƙurin jiran wata uku zuwa shida kafin ƙashi ya kama a ɗora haƙorin.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne na amare da 'yan fim da ke tafiya Istanbul ko Alƙahira ko Dubai su dawo cikin mako guda da haƙora ashirin farare tas, duk tsayi ɗaya. Ɓawo na gaskiya kaɗan yake ci daga fuskar haƙori, abin da bai kai milimita ɗaya ba. Amma da yawa abin da ake yi musu cikakken kwanso ne, a fiƙe haƙori ta kowane gefe, milimita ɗaya da rabi zuwa biyu, har ya koma ɗan tsinke. Farin ɓawon da Allah ya halicci haƙori da shi ya fi komai tauri a jikin ɗan Adam, kuma ba ya sake tsirowa. A wasu haƙoran jijiya kan mutu daga baya, sai an huda an kwashe ta, likitan da ya yi aikin kuma yana wata ƙasa. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Mutumin saman bene haƙori ɗaya ya taɓa wa Gwaggo, shi ma gefe da gefe.

Irin wannan aiki kan yi shekara 10 zuwa 15 kafin ya nemi sauyi, kuma duk sauyi sai an ƙara cin wani abu daga ɗan abin da ya rage. Yarinyar da aka yi wa tana da shekara 25, in ta yi tsawon rai, za ta koma kujerar nan sau uku ko huɗu, da kuɗin da ake lissafawa da dala.